Ɓera da ƙwari sun addabi shagon kayan masarufi, ta ina za a fara?

Mai Shago, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Shago ne na kayan masarufi a nan cikin Katsina, faɗinsa kamar ƙafa 12, tsawo ƙafa 18, da ɗan sito a baya. Akwai shinkafa, wake, fulawa, taliya, sukari, madara, biskit, dabino, sabulu da lemo, sai firij da firiza. Ɓera na huda buhu da ledar taliya, da safe a tarar da kashinsa bisa kanta. Wake in ya yi wata biyu sai ƙwari su cika shi, fulawa kuma ta fara wani irin wari. Ga ƙananan kyankyasai bayan firij. Ana sa maganin ɓera, ana fesa fiya-fiya in za a rufe da dare, a samu sauƙin kwana kaɗan su dawo. Yaron shago kan kwana ciki wani lokaci. Ta ina ya kamata a fara, kuma wane magani ne ba zai taɓa abincin mutane ba?

Tsohon Duba-gari

Wa alaikumus salam Alhaji. Da ɓera za ka fara, amma ka ajiye maganar guba tukuna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai hanyar shiga da tsabar da ta zube ƙasa, duk wanda ka kashe wani zai taso daga kwata ko shagon maƙwabci ya maye gurbinsa. Cikin ƙaramar ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, ta haifi biyar ko shida ko fiye, 'ya'yan kuma da sun yi sati shida su ma sun isa haihuwa. Guba kaɗai ba ta ƙure irin wannan yaɗuwa.

Ka shiga shagon da tsakar rana, a ja ƙofa, a kashe fitila. Duk inda ka ga haske ya leƙo, nan ne ƙofarsu. Ƙaramin ɓera yana wuce ramin da biro zai shiga, wato milimita 6 zuwa 7. Babba kuwa ramin da babban yatsa zai shiga ya ishe shi. Inda aka fi samu shi ne ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, musamman kusurwoyinta biyu, sai wurin da wayar wuta ta ratsa bango, sai tsakanin kwano da kan bango, da silin da ya ɓalle. Ramin ƙasa da na bango siminti za a sa da tsakuwa. Kada a cusa tsumma ko kwali ko soson katifa, domin kayan sheƙa ka ba shi. Gefen waya da bututu a dunƙula soson ƙarfe a cusa sosai, a bi da siminti. Tagar iska a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Ragar sauro ta roba dare ɗaya yake tsinka ta. Ƙofa kuma a kira mai walda ya ƙara fallen ƙarfe a ƙasanta har ya zama biro ba ya wucewa. In ta katako ce, a lulluɓe ƙasanta da langa-langa tsayin ƙafa ɗaya.

Don ka san hanyar da suke bi, ka barbaɗa toka ko fulawa siriri a gindin bango kafin a rufe. Da safe sawunsu zai nuna maka inda suka fito da inda suka nufa. Kashin ma yana magana: wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba na ƙarami ne, wanda ya kai ƙwayar wake ko ya fi na babba ne. Sabo baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho ya yi fari-fari yana marmashewa. In ka ga baƙin maiƙo a jikin bango ko katako, nan ne titinsu na kullum.

Sai tarko. Kuskuren da aka saba shi ne a ɗana ɗaya ko biyu. Shago irin naka yana son 10 zuwa 12 a dare ɗaya, tazarar taku biyu zuwa uku. Ɓera gindin bango yake bi, don haka bakin tarkon da ke ɗauke da abincin shi zai taɓa bango, ba a kwantar da shi gefensa na bin bangon ba, ba kuma a tsakiyar ɗaki ba. A sa tunkuza ko ƙuli-ƙuli ko ɗan busasshen kifi, a ɗaure da zare don kada ya zare ya tafi. Babban ɓera yana da tsoron sabon abu. Shi a bar masa tarkon da abinci ba a ɗana ba dare biyu ko uku, in ya saba ci sai a ɗana duka lokaci guda. Allon gam kuwa da hunturu ɓarnar kuɗi ne, ƙura na rufe shi cikin kwana biyu, babban ɓera ma jan shi yake ya tafi da shi.

In dole sai an sa guba, a nemi mai kama da dunƙulen sabulu, wadda aka rubuta bromadiolone ko brodifacoum a jikin kwalinta. A sa ta cikin akwati mai rufi da ƙananan ƙofofi biyu, a soke dunƙulen da waya don kada a ɗauke shi, a ajiye a waje jikin bango ko can ƙuryar sito. Wannan ba ta kisa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 7. Garin guba da ake kwaɓawa da kifi a ajiye bisa takarda bai dace da wurin abinci ba, don ɓera na jan sa zuwa cikin buhu, ya kuma je ya mutu cikin silin, wari da ƙuda su dame ka. In yaro ya ci irin dunƙulen nan, a garzaya asibiti da kwalin a hannu ko da bai nuna alama ba, akwai makarinsa, bitamin K1.

Batun kashin nan na bisa kanta ba ƙarami ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. Kada a share shi a bushe, ƙurar ce ake shaƙa. A haɗa Hypo murfi ɗaya da ruwa murfi tara, a jiƙa wurin, a jira minti goma, a goge da safar hannu ko leda a hannu. Biskit ko taliyar da ya huda ba a liƙe ta a sayar. Kan gwangwanin madara da na lemo a riƙa gogewa. Wayar wuta kuma a sa ta cikin bututu, don haƙorinsa ba ya daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya, kuma wayar da aka feƙe ita ce ke tayar da wuta da tsakar dare. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta 2021 ba sai an faɗa masa abin da wuta ke yi wa ɗan kasuwa ba.

Malamin Gona, Daura

Malam ya gama da ɓera, bari in ɗauki na ƙwari. Alhaji, ƙwaron wake yawanci ba a shagonka ya same shi ba, da shi ka sayo. Tun daga gona ko rumbu ake yi masa ƙwai. Ɗauki ƙwaya ka duba da kyau, za ka ga ɗan farin ɗigo manne a jikin ɓawon. Tsutsar na ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, can take ci har ta girma, sai ta fito ta bar ramin nan zagayayye. Da zafi sati uku zuwa huɗu ya ishe ta. Shi ya sa buhun da ka ga lafiya lau ranar saye yake zama gari bayan wata biyu, shi ya sa kuma feshin da kake yi a ɗaki ba ya taɓa su, suna cikin ƙwayar. Na shinkafa da masara da taliya ma haka suke yi.

Wajen saye, ko a Mai'aduwa ne ko Charanchi ko Dawanau, kada ka tsaya ga na bakin buhu. A soki buhun a tsakiya da ƙasa a ciro. Zuba tiya guda a faranti ka ajiye a rana minti goma, in da ƙwari za su fito suna gudu. Ka gwada bushewa da haƙori, busasshe ƙas yake fashewa. Gwajin da ya fi wannan shi ne a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe a girgiza minti ɗaya, a bar shi kwata na awa a sake girgizawa. In gishirin ya manne jikin kwalba, hatsin da sauran laima, ba na ajiya ba ne. Masara da gyaɗa masu laima funfuna suke yi, kuma gubar wannan funfunar hanta take ci, dahuwa ba ta kashe ta.

Ajiyar wake ba ta buƙatar magani ko kaɗan, iska za a hana su. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ana kuma yin sa a Kano, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura kowace leda a murɗe bakinta a matsa, in iska na fita ta huje, a canza. A saka ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun, a zuba wake ana girgizawa don ya zauna, a bar wajen taƙi guda da rabi a sama. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun shi kaɗai. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure wuri guda bai yi komai ba. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye iskar da ta rage su mutu, to amma sai an bar shi a rufe wata ɗaya zuwa biyu. Jarka mai lita 25 ma tana yi, in an wanke ta ta bushe ƙarau, aka cika ta har wuya, aka sa leda a bakin kafin a murɗa murfin. Jarkar da aka cika rabi ba ta aiki, iskar ciki ta yi yawa.

Tunda kai kullum awo kake, raba kayan gida biyu. Na ajiya ya zauna a ɗaure a sito. Na sayarwa ka fitar da abin da zai ƙare cikin sati ɗaya ko biyu kawai, a bokiti mai murfi. Kuma a lura, ɓera in ya huda ledar nan an koma gidan jiya, don haka aikin da Malam ya faɗa shi ne kan gaba.

Waken da ya riga ya kamu, rana ce maganinsa, kuma daga Maris zuwa Mayu ba mu rasa ta. A shimfiɗa tsofaffin buhuna ko busasshiyar ciyawa a ƙasa don kada ƙasa ta janye zafin, a ɗora baƙar leda, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan tare a danne da duwatsu. Tsakanin ƙarfe 11 da 3, a ba shi awa biyu cur. Zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. A bari ya huce, a tankaɗe, sannan a ɗaure. Shinkafa ba a yi mata haka, karyewa take. Dabino kuwa, in ka ga wani zare-zare kamar na gizo-gizo da ƙananan tsutsotsi a ciki, aikin ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da magariba. Sabon dabino a ɗaure shi a leda a sa a firiza ya daskare kwana bakwai a jere, in akwai sola ko wutar da za ta riƙe. Firizar da ke narkewa kullum ba ta yin wannan aikin.

Fulawa ita ce mai wuya. Ɗan jan ƙwaron nan da bai wuce milimita 4 ba shi ke fitar da wani ruwa mai wari. Rariya na cire ƙwaron, ba ta cire warin, mai burodi ko mai fanke zai gane. Wadda ta kai haka ta bar shago. Da damina, musamman Agusta, kada ka sayi fiye da wadda za ta ƙare cikin sati uku zuwa huɗu. Kowane buhu a rubuta masa ranar shigowa, wanda ya riga shiga shi zai riga fita, kuma ba a juye sabo a kan ragowar tsoho. Buhuna su hau katako mai tsayin santimita 15, a janye su daga bango kamar santimita 50, yadda mutum zai ratsa da tsintsiya da tocila. Kowane sati a ɗaga a share ƙarƙashi. Ɗan garin da ke taruwa a tsagar daɓe da kusurwar kanta ya isa ya raya ƙwarin da za su kama kayan gobe.

Mai Shago, Ƙofar Marusa

Allah ya saka da alheri. To amma dillalai cewa suke a ɗan yayyafa Sniper a wake, ko a ƙulla ƙwayar nan ta Phostoxin a tsumma a tura tsakiyar buhu, ya shekara ba ƙwaro. Wannan fa?

Malama Mai Lafiyar Muhalli

Alhaji, don Allah kada ka soma. Sinadarin da ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya sunansa dichlorvos. Maganin gona ne, jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna. Mai sayen tiya ɗaya ta dafa wa 'ya'yanta ba ta san ranar da aka zuba ba. Feshin da ake yi in za a rufe ma ba a iska yake tsayawa ba, sauka yake kan sukarin da ke buɗe da garin kwaki da dabino, fulawa da madarar gari kuma suna shan wari.

Ita kuwa ƙwayar, da ta ji laimar iska sai ta fara fitar da hayaƙi mai guba wanda ido ba ya gani. Wani lokaci ana jin warinsa kamar na tafarnuwa, wani lokaci ba a ji har ya yi illa. Yana ratsa buhun saƙa, ya bi tsagar bango da silin ya shiga ɗakin maƙwabta, kuma ba shi da makari. Ka ce yaro na kwana ciki. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar, har da ta fiya-fiyar. Ta fuskar aiki ma asara ce: sai an tsare hayaƙin a wurin da iska ba ta fita na aƙalla kwana 5 zuwa 7 kafin ya kashe ƙwai. A buhu na yau da kullum ficewa yake, manya su mutu, ƙwai su tsira, waɗanda suka tsira kuma su ne ke haifar masu jure maganin. Ga tokar da ke ragewa a tsumman, in ta fashe cikin wake take. Aikin ƙwararru ne masu horo, a siton da ke nesa da makwancin mutane, a kulle a sa alama.

In wani ya shaƙi ɗayansu ya fara ciwon kai, jiri, amai, dalalar miyau ko ƙuncin numfashi, a fitar da shi sarari, a cire kayan jikinsa, a kai shi asibiti da kwalbar ko gwangwanin. Manja da madara da ake ɗurawa ba makari ba ne, ɓata lokaci ne, kuma yana iya shaƙe shi. Sannan in kana sayar da maganin sauro da sabulun gari da kalanzir, su koma kanta ta ƙasa a ɓangare guda. Ba a ɗora su saman abinci.

Mai Feshi, Sabuwar Unguwa

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ranka ya daɗe, kyankyasan bayan firij ƙananan nan masu ruwan ƙasa ba 'ya'yan manyan ba ne, irinsu daban. Manyan daga masai da kwata suke shigowa, toshe hanya ke maganinsu. Ƙananan a cikin shago suke zaune, kuma a kwali suke zuwa, cikin ramukan da ke tsakanin fallayensa, da kiret ɗin ƙwai da na lemo. Macen na yawo da jakar ƙwai mai 'ya'ya 30 zuwa 40, feshi ba ya ratsa jakar. Ka fesa yau, bayan sati biyu ko uku sababbi sun fito. In har ana ganinsu da rana, sun yi yawa ƙwarai.

Injin firij ya haɗa masu ɗumi da duhu da ruwa. A zare wuta, a jawo shi, a ciro ɗan farantin da ruwa ke taruwa a kan injin a wanke, a goge robar bakin ƙofa, a bar tazara tsakaninsa da bango. Kaya in sun zo a fitar da su daga kwali a waje, kwalin kada ya kwana a shago.

Maganinsu mai kama da man goge baki ne da ke zuwa cikin sirinji, a duba a ga an rubuta fipronil ko imidacloprid ko indoxacarb, da lambar NAFDAC. Ɗigo ake yi kamar ƙwayar dawa, a wurare da yawa, tazarar taƙi ɗaya ko biyu: bayan firij, ƙarƙashin kanta, mahaɗar katako, jikin hinjin ƙofa. Ƙanana masu yawa sun fi babban dunƙule guda. Wanda ya ci zai koma maɓoya ya mutu, 'yan'uwansa su ci gawar da kashin su ma su bi. Sharaɗi biyu ne: a share duk wani burbushi don yunwa ta kai su gare shi, kuma kada a fesa komai kusa da shi, feshi na korar su daga wurin. A duba bayan sati biyu, inda suka cinye a ƙara. Allin nan da ake zanawa a bango a bar shi, yara na ɗauka su sa a baki.

Kiyashi a sukari, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye da ruwan sabulu, a tabbata teburin bai jingina da bango ba. Da damina a riƙa duba ƙafar katako da bayan kwalaye, in an ga layin ƙasa ya hau, gara ce, a karya shi a ɗaga kayan, in da hali a koma teburin ƙarfe.

Ɗan Kasuwar 'Yar Kutungu

Ni a ganina a ajiye kyanwa kawai, duk wannan hidimar ta yi yawa.

Tsohon Duba-gari

Kyanwa na rage ƙananan, ɗan'uwa, amma ba ta shiga tsakanin buhuna, babban ɓera kuma ba kowace ce ke tunkarar sa ba. Ita ma kan buhun za ta kwanta ta yi fitsari, in kuma ta ci ɓeran da ya sha guba ta mutu. In za a ajiye ta, a tsakar gida ko bayan shago. Alhaji, ga tsarin da zai fi maka sauƙi: ranar farko a fitar da kaya duka a share a wanke, birkila da mai walda su yi aikinsu, a mayar da kaya bisa katako. Daren ne za a fara tarko, domin wanda aka toshe wa hanya yana ciki kuma yunwa za ta fito da shi. A ci gaba har sai an yi dare bakwai a jere tokar gindin bango ba ta nuna sawu ba. Ka kuma yi magana da masu shagunan da kuke bango ɗaya, don silin ɗinku a haɗe yake, sai an ɗaga bangon tsakani har ya taɓo kwano ko an sa raga a wurin.